Ranar da Muka Ci Abinci a Shagon Mutumin Sin

Da sunan Allah mai jinƙai nake buɗe wannan babi, wanda na fi kowanne jinkirin rubutawa. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa kakanku Malam Bawa tsufa ne ya ruɗa shi, ya tattara ya haye Sudan ya bar matarsa a bukka. Na ji wannan magana a bakin tsofaffin unguwar Nakkasa ta nan Makka, na kuma taɓa jin ta a bakin ɗaya daga cikinku a gidanmu na unguwar Ka'akiyya. Ba haka aka yi ba. A gabana aka yi komai, kuma yau ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka zauna a gaban tukunyar nan, don haka ku saurara.

Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan babban yaƙi, kafin a fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami. Lokacin muna zaune a gindin dutse can bayan unguwar Misfala, cikin bukkokin Takari, wato mu mutanen ƙasar Hausa da maƙwabtanta, rabin bangon kwano rabin tsumma. Ni ne babba a gidan, na yi aure, matata Zainabu tana gidan iyayenta goyon ciki. Sana'ata ɗaukar ruwa: garwa biyu a jikin sanda, daga bazan, wato mashayar unguwa, zuwa gidajen mutane, tun asuba har kafaɗa ta daina jin ciwo. Ƙanena Sale a Makka aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai ta yi ɗingishi. Baba yana ɗinkin hula a bakin masallacin unguwa, Inna tana soya gyaɗa tana kaiwa bakin hanya. Ba a faɗa a gidanmu. Ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba, amma kuma ban taɓa jin sun yi hira ba. Baba yana zaune a kan buzunsa, ƙafarsa na kusan taɓa tabarmarta, sai Inna ta dube ni ta ce, ka gaya wa babanka tuwo ya sauka. Shi kuma ya ce, ka ce mata an gode. A haka muka girma har muka ɗauka kowane gida haka yake. Abin da na sani kawai shi ne ina da yaya mace, Rakiya, wadda aka ce ta rasu a hanya lokacin da muke tahowa daga ƙasar Kano. Ina da ɗan tunaninta kaɗan, wata yarinya mai goya ni tana haki. Ba a ambatarta, ni ma ban tambaya.

A cikin mutanen da nake kai wa ruwa akwai wani baƙo, mutumin Sin, ana ce masa Ammi Yunusa. Suna daga cikin Musulmin can da yaƙin ƙasarsu ya koro, suka faɗo Makka da fararen hulunansu da Larabcin da bai wuce na salla ba. Gajere ne, mai 'yan gashi a haɓa, hannuwansa duk tabon wuta. Ya kama wani ɗan shago a lungun Misfala kusa da Buharawa, baƙi 'yan ƙasar Buhara, yana sayar da taliyar da yake ja da hannu. Idan sanyi ya shigo kuma sai ya fito da wasu tukwane na jan ƙarfe da ya sa maƙeri ya ƙera masa irin na garinsu. Ban taɓa ganin irinsu ba. Tukunya ce mai faɗi, da bututu a tsakiyarta, a cika bututun da garwashi, romo yana tafasa a kewaye, mutane su zagaye ta kowa yana tsoma ɗanyen nama yana cirewa da kansa. Kullum na sauke masa ruwa sai na tsaya ina kallo, ƙamshin tafarnuwa da citta yana bina har waje. Shi kuma kullum sai ya ce mini, da hannu da baki, in kawo iyayena, akwai ɗaki a sama da labule inda iyali ke zama.

A shekarar aikin hajji ya yi mini kyau. Na yi dako a Mina, na yi ɗaukar ruwa a tantunan alhazai, na dawo da ɗan abin hannuna. Sai raina ya kwanta a kan abu ɗaya: in ga iyayena sun zauna an kawo musu abinci, su da suka ƙare rayuwarsu suna yi wa wasu hidima. Da na faɗa wa Baba sai ya ajiye allurarsa.

"A kasuwa? Da furfurata in je in buɗe baki a kasuwa?"

"Ba kasuwa ba ce, Baba. Ɗaki ne, babu mai ganinku."

"Wa yake musu yanka?"

"Musulmi ne. A sahu ɗaya muke salla."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Inna ce ta ba ni mamaki. Tana tsince gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce in gaya wa babana ita za ta je. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

Muka gangaro mu huɗu, Baba a gaba, Inna a baya cikin baƙin mayafi, Sale yana ta zumuɗi. Ammi Yunusa ya tarbe mu a ƙofa, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu yana cewa tafaddal ya Haj, tafaddal, wato bismilla shigo, Alhaji. Muka hau wani ƙunƙuntaccen bene zuwa ɗakin sama. Tabarma ce da ɗan gajeren tebur, taga ɗaya tana kallon dutse. Aka kawo tukunyar tana huci aka ajiye a tsakiya, ɗakin ya ɗau zafi nan take. Matar Ammi Yunusa, wata siririyar mace mai koren ɗankwali, ta jero faranti: naman rago an yanka shi fale-fale kamar za a yi kilishi, kabeji, farar taliya siririya kamar zare, da ƙananan kwanoni na miyar riɗi da man barkono da ruwan tsami. Ta miƙa wa kowa 'yan sanduna biyu. Sale ya juya su a hannu ya dube ni.

"Yaya, esh hada, mene ne wannan? Da wannan za mu ci ko da shi za a dake mu?"

Har Baba sai da ya murmusa. Ammi Yunusa ya durƙusa ya nuna mana. Ya ɗauki yanki ɗaya ya tsoma a romon, ya girgiza shi kaɗan, kafin ka ce me ya canza kama, ya dangwala a miyar riɗi ya sa a kwanon Baba. Baba ya duba ya ce wannan ai bai nuna ba. Ya yi bismilla ya ci, sai ya miƙa kwanon a ƙara. Sandunan dai sun gagare mu, naman yana kuɓucewa yana komawa cikin romo, Sale ya kai hannu zai kamo nasa ya ƙone yatsa, dole aka kawo mana ludayi mai huji. Gumi ya keto wa kowa, barkono ya sa Inna tana share hanci da bakin mayafi. Abin da ba zan manta ba shi ne, na ga ta kamo wani yankin nama da ludayi, ta duba ta ga ya nuna, ta zuba a kwanon Baba ba tare da ta bi ta kaina ba. A raina na ce alhamdulillahi, yau na yi abin kirki.

Suna da 'yar ƙaramar yarinya, Amina, ba za ta wuce shekara shida ba. Ita ce ta leƙo ta bayan labule, sannan ta shigo ta raɓe jikin uwarta tana kallonmu. Inna ta daina ci. Ta kira ta da hannu, ta kwance bakin zanenta ta ba ta gyaɗa, ta zaunar da ita kusa da cinyarta tana shafa mata kai. Matar Ammi Yunusa ta ji daɗi, ta tattaro ɗan Larabcinta ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa.

"Biyu," in ji Baba.

"Uku," in ji Inna.

Tare suka faɗa. Romo yana ta tafasa, babu wanda ya motsa. Ni na yi sauri na ce wa matar, ɗaya ta rasu tun tana ƙarama, Allah ya jiƙanta. Sai Inna ta juyo ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Wa ya ce maka ta rasu? Ka ga kabarinta?"

Da Hausa ta yi maganar, amma Ammi Yunusa ya gane. Yana riƙe da ƙaramin kasko na garwashi zai ƙara wa tukunyar wuta, sai ya ajiye, ya zauna a kan dugadugansa. Ya ce shi ma idan aka tambaye shi yakan ce ɗaya, matarsa ta ce biyu. Maganarsa a kakkarye take, Sale yana cike masa gurbi, yana juya wa su Baba. Ya ce lokacin da suka gudo, sojoji na bayansu, sun bi ta wasu duwatsu masu ƙanƙara inda numfashi ke gagarar mutum. Ɗansu namiji, yayan Amina, zazzaɓi ya kama shi, ba ya iya zama a kan doki. Ayari ba zai jira ba. Suka bar shi a tantin wasu makiyaya waɗanda ko yarensu ba sa ji, ya ce wa yaron zai dawo kafin ciyawa ta fito. Matarsa ta tashi ta fita tun kafin ya gama. Shi kuwa bai yi kuka ba, yana ta murza tabon hannunsa.

"An rufe hanyar yanzu, ya Haj. Soja ne a kowace ƙofa. Wallahi da a buɗe take, ko da rarrafe sai na koma." Ya ɗago ya dubi Baba. "Kai taka hanyar, su wa suka tsare ta?"

Ba da nufin cin fuska ya tambaya ba. Ya ɗauka Baba ma wani sarki ne ko wani yaƙi ya raba shi da 'yarsa. Sale ya juya tambayar zuwa Hausa, duk da Baba ya riga ya ji. Baba ya dubi tururin da ke fita daga tukunyar.

"Babu kowa," ya ce. "Teku ne kawai."

A nan, a ɗakin mutumin da bai san shi ba, Baba ya faɗi abin da ya riƙe fiye da shekara ashirin. Ya ce mun iso Sawakin, bakin teku a ƙasar Sudan, bayan doguwar tafiya, ana noma a tsaya a tara guzuri a ƙara gaba. Ya samu mai sambuk, jirgin ruwan katako, da zai haye da mu a ɓoye. Ana gobe za a tashi agana ta feso wa Rakiya. Mai jirgin ya ɗaga mayafinta ya gani, ya ce wannan ba za ta shiga ba, in kuma an tsaya mata to an rasa jirgin, an rasa hajjin shekarar. Akwai wata mata mai sayar da shayi a bakin zangon da muka sauka, ba ta da ɗa, ta ce a bar mata ita ta yi jinya. Baba ya yarda. Ya ce wa Inna da an sauko daga Arfa zai dawo ya ɗauke ta. Inna ta ƙi, ta kwanta a ƙasa kusa da yarinyar, sai da maza biyu suka ɗaga ta zuwa jirgi. Bayan hajji ita Inna ta kwanta ciwo, sannan ga cikin Sale. Ana haka wani alhaji ya zo ya ce agana ta kashe yara da yawa a zangon Sawakin a shekarar. Baba bai tambayi suna ba, bai aika an duba ba. Ya karɓi maganar ya yi wa 'yarsa addu'a, ya ce wa mutane ta rasu.

"Na fi son ta mutu da in koma in tarar da abin da na yi," ya ce. "Gaskiyar ke nan."

Inna ta ɗaga Amina daga jikinta a hankali ta tsayar da ita, ta gyara mayafi. Garwashin ya fara mutuwa, kitse ya taru a saman romon, rabin naman yana nan a faranti ba a taɓa ba. Ammi Yunusa ya rako mu har bakin lungu yana ba da haƙuri, yana cewa bai sani ba, bai sani ba. Aka kira magariba muna kan hanya. Mun yi salla a masallacin unguwa, na ga Baba ya daɗe a sujada har sahu ya watse.

Bai yi shawara da kowa ba. Cikin makon ya sayar da hulunan da ya gama, ya ba wani maƙwabci waɗanda bai gama ba, ya wanke rigunansa biyu da kansa. Dattawan unguwa suka zo suka taru a ƙofar bukka. Suka ce Malam Bawa, mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a nan, kai Allah ya kawo ka, ƙafarka ɗaya a kabari, za ka fita? Ga tari ya kama ka, ba ka da takarda, in ka fita ba lalle su bar ka ka dawo ba. Ya saurare su har suka gama, ya ce ya gode. Ni ma na roƙe shi. Na ce ya bari Zainabu ta sauka, ni in tafi a madadinsa, ƙafata ta fi tasa.

"Ba kai ka ce mata za ka dawo ba," ya ce. "Kai ka zauna da uwarka da matarka. Umarni ne, ba shawara ba."

Sale ne ya ce shi ba zai bar tsoho ya hau teku shi kaɗai ba. Inna ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce ya tafi ba. Ranar da za su tashi zuwa Jidda ta soya gyaɗa mai yawa ta ƙulle a tsumma, ta kwance wani ɗan awarwaro na azurfa da na saba gani a ƙasan akwatinta, ta miƙa wa Baba hannu da hannu.

"Malam, in ka same ta, kada ka ce mata na yarda. Ban yarda ba."

"Zan gaya mata."

"Allah ya kiyaye hanya."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Na raka su har inda motar Jidda ke tsayawa. Baba ya hau bayan motar da ƙyar, Sale ya tura shi ta baya. Ban ƙara ganin ko ɗayansu ba.

Zainabu ta haihu, hajji ya zo ya wuce, babu labari. Na ci gaba da kai wa Ammi Yunusa ruwa. Kullum ya gan ni sai ya ɗaga gira, in girgiza kai, ya koma kan taliyarsa. Ya sha cewa in zauna in ci wani abu, ban iya ba. Inna kuwa ta koma zama a bakin hanyar da alhazan Sudan ke bi, duk wanda ta ji yana Hausa sai ta tsayar da shi. Sai a hajji na biyu wani mutumin Haɗeja mazaunin Sawakin ya zo yana tambayar bukkar Malam Bawa. Sale ne ya aiko shi. Na shimfiɗa masa buzun Baba, Inna ta zauna daga bakin ƙofa.

Ya ce sun same ta. Ba a Sawakin ba, a wani ƙauye can ciki inda mai shayin ta koma da ita. Tana raye, da zanen agana a fuskarta, ido ɗaya ya tafi. Ta yi aure, tana da 'ya'ya. Hausa ta ɓace mata gaba ɗaya, sai Sale ne ya yi musu tafinta da Larabci. Ta fito ta kawo wa Baba ruwa kamar yadda ake kawo wa kowane baƙo, ta tsaya ta saurari duk abin da ya zo da shi. Da ya gama ta ce ta tuna jirgin, ta tuna tana kira ba a juyo ba. Ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba, amma uwarta ita ce wadda ta yi mata wanka lokacin da jikinta ke ruɓewa, kuma ta riga ta binne ta. Awarwaron ta karɓa, ta juya shi, ta ba ƙaramar 'yarta ta yi wasa da shi. Baba ya nemi ya zauna kusa da su, mijinta ya ba shi wata rumfa a bayan gida. Takan aiko masa da abinci, amma ba ta zuwa da kanta. Bai cika wata uku ba tarin ya kwantar da shi. A can aka binne shi, a bakin ƙauyen. Sale ya nemi dawowa aka mayar da shi daga bakin ruwa sau biyu, don ba shi da abin da zai nuna cewa a Makka aka haife shi. Ya shiga aikin auduga, daga baya ya yi aure a can. Sauran labarinsa kun sani, har rasuwarsa.

Na yi zaton Inna za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta yi innalillahi a hankali, ta yi wa Baba addu'a, ta tambaya ko an samu mutane a jana'izarsa. Mutumin ya ce an samu, har ita Rakiyar ta aiko da likkafani. Inna ta gyaɗa kai. Sannan ta ce:

"Ya gaya mata ban yarda ba?"

"Sale ya ce ya gaya mata, Hajiya. Har sau biyu."

"Me ta ce?"

Mutumin ya dube ni kamar yana neman in cece shi. Na sunkuyar da kai.

"Ta ce ba ta tuna fuskarki ba."

Inna ta ce to. Ta tambaya ko cikin 'ya'yan akwai mace babba, ya ce akwai. Ta tambayi sunanta. Ya faɗa, sunan mai shayin ne.

"Daidai ne," ta ce. "Ita ta yi wahalar."

Ta tashi ta shiga ciki ta fara takaba a ranar. Ta rayu shekaru kaɗan bayan haka, a hannuna ta cika, muka kai ta maƙabartar Ma'ala. Na sha ce mata in nemi hanya mu haye ta ga 'yarta ko sau ɗaya, takan ce a bar yarinyar ta huta. Wannan shi ne abin da ya fitar da kakanku daga Makka da hankalinsa garau, yana sane da cewa da wuya ya dawo. Idan kun sake jin wani ya ce ruɗewa ya yi, ku gaya masa abin da na gaya muku. Kuma kuna da 'yan'uwa a wancan gefen teku, jikokin Rakiya. Ba su san ku ba, ban kuma san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya jiƙan matar da ta raine ta.